Tudun Yashin Bakin Teku Ba Ya Kwana Inda Ya Yini



Duk wanda ya san Lakwaja da rani ya ga yadda tudun yashi ke fitowa a tsakiyar Neja, bana a nan, baɗi a can. Abin da zan yi magana a kai ɗan'uwan wannan ne, sai dai na bakin teku ya fi rashin zama, don masu tura shi biyu ne: igiyar ruwa, da cikowa da janyewar teku.

Mu fara da igiya. Idan ta taso daga zurfi ta iso inda ruwa ya yi ƙaranci, sai ta fashe ta watsa ruwa gaɓa. Ruwan nan dole ya koma, kuma ta ƙasa yake komawa, yana jan yashi. Inda wannan ruwa mai komawa ya haɗu da igiya mai zuwa, nan yake sauke kayansa, tudu ya tashi, doguwar kunya a ƙarƙashin ruwa tana bin gaɓa. Lokacin guguwa komawar ta fi ƙarfi, tudun ya ja baya cikin teku, wani lokaci a kwana ɗaya. In iska ta lafa, ƙananan igiyoyi su riƙa turo shi sannu a hankali, makonni ko watanni, har ya manne da gaɓa. Tafiya da gudu, dawowa da rarrafe.

Sai cikowa. A yawancin gaɓoɓin duniya teku na cika ta janye sau biyu a wuni da kwana, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, kuma abin ya fi girma a tsayuwar wata da daren sha huɗu. To tunda ruwan na hawa yana sauka, wurin fashewar igiya ma ba ɗaya ba ne. Shi ya sa a gaɓoɓin arewacin Faransa da Ingila, inda tazarar ke kai mita da yawa, za ka ga tudu uku ko huɗu a jere, kowane da kwarinsa a baya. Ruwan da ya maƙale a kwarin sai ya yanka tudun ya fita da ƙarfi ta 'yar kafa. Wannan kafa ce ke cin masu iyo, kuma ita ma tana sauya wuri. Mutanen Holan, da ke auna gaɓarsu kowace shekara tun 1965, sun gano cewa tudu kan taso kusa da gaɓa, ya yi ta nisa har ya baje, wani ya maye gurbinsa: a wani yanki cikin shekara huɗu, a wani kuwa kusan 15.

Akwai tafiya ta uku, ita ce ta fi shafarmu. Igiyoyin Tekun Gini daga kudu maso yamma suke zuwa, a karkace suke bugun gaɓa, saboda haka yashi na gangarawa daga yamma zuwa gabas. A bakin Legas a da akwai tudun yashi da ke hana manyan jirage shiga, sai an sauke kaya a waje. Daga shi Bar Beach ta samo suna. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka gina dogayen katangun duwatsu suka buɗe mashigar. Jirage suka shiga, amma katangar yamma ta tare yashi. Gaɓar Lighthouse da ke yamma ta yi ta faɗi, Bar Beach da ke gabas ta yi ta zaizaya shekara da shekaru, har teku ta riƙa hawa titin Ahmadu Bello. Yau sabuwar unguwar Eko Atlantic ce zaune a wurin, bayan wani bangon duwatsu. Ni dai ban ga an kashe matsalar ba, gabas aka ƙara tura ta, wajen Lekki.

Na Senegal ya fi ciwo. A Saint-Louis, wani siririn harshen yashi mai suna Langue de Barbarie ne ya raba Kogin Senegal da teku, bakin kogin kuma ya daɗe yana matsawa kudu da kansa. A Oktoban 2003 ambaliya ta yi barazana ga birnin, hukuma ta yanka harshen, faɗin mita huɗu kacal, don ruwa ya fita. Ya fita kuwa, birni ya tsira a wannan damina. Amma teku ta samu ƙofa. Kullum sau biyu tana shiga tana fita, tana cin gefen kudu, har kafar ta kai faɗin kilomita da dama. Ruwan gishiri ya shiga gonakin yankin Gandiol, ƙauyen Doun Baba Dièye ya tashi gaba ɗaya. Tudun da ke bakin kafar kuwa ba shi da tabbas, matuƙin da ya bi hanya lafiya wancan mako sai ya tarar da igiya na fashewa a kanta wannan mako, kuma masuntan unguwar Guet Ndar ta Saint-Louis da yawa sun rasu a nan. Ba na zargin wanda ya ba da umarnin da mugunta, ruwa na bakin ƙofarsa. Laifin shi ne gaggawar da aka yi ba tare da an tambayi ina yashin zai nufa ba. A 2018 aka fara aikin kwashe dubban mazauna bakin harshen zuwa cikin ƙasa, da tallafin Bankin Duniya, masunta ne kuwa akasarinsu, kwale-kwalensu na can gaɓa.