Guguwa Da Raunin Da Ta Ke Bari

Yau maganarmu a kan guguwa ce. Ba ƙaramar nan da ke kwasar kara a fili da bazara ba, babbar da ke saukowa daga hadari tana juyawa.

Ran 26 ga Afrilu, 1989, irin wannan ta auka wa Daulatpur da Saturiya a ƙasar Bangaladash. Mutum wajen 1,300 suka halaka, ba a taɓa jin wadda ta kai ta kisa ba. Gidajen talakawan can da yawa na kwano ne, kwano kuwa in iska ta ɗauke shi ya zama wuƙa. Ku ma kun sha gani a farkon damina. Saboda haka in iska ta taso kada ku fita kallo, kada ku fake gindin itace. Ku shiga ɗakin da ya fi ƙarfi, ku kwanta ƙasa nesa da taga, ku rufe kawunan yara.

Amma abin da na fi so ku riƙe shi ne rauni. A 2011 guguwa ta rushe wani sashi na garin Joplin a Amurka. Bayan 'yan kwanaki aka ga raunukan mutum 13 suna ruɓewa, don iska ta cusa musu ƙasa da ɓarɓashin itace cikin nama. Biyar suka mutu, ga shi kuwa ƙasar manyan likitoci ce.

To, duk wanda kwano ko ƙusa ta yanka, a wanke wurin sosai da sabulu da ruwan da aka tafasa ya huce. Kada a sa toka ko kashin shanu. A kawo shi ɗakin magani a ranar, a yi masa allurar hana sarƙewar haƙora.