Mariƙin Bindiga da Hannun Maharbi a Gasar Harbi da Ƙaramar Bindiga

Wannan lacca ta shafi wani ɓangare na bindigar gasa wanda 'yan kallo ba kasafai suke lura da shi ba, wato mariƙi, inda tafin hannu da yatsu suke kama bindigar. Fannin da ke nazarinsa shi ne ilimin daidaita kayan aiki da jikin ɗan Adam, wanda ke duba yadda siffa da nauyin abin aiki suke taimakon gaɓoɓin mai aiki da shi ko suke wahalar da su. Abin da ake son tabbatarwa a nan shi ne cewa mariƙi nagari aikinsa biyu ne: ya mayar da hannu mazauni ɗaya a kowane harbi, kuma ya bar yatsa manuni ya ja kunama ba tare da sauran yatsu sun motsa ba. Daɗin riƙo, wanda masu saye suka fi nema, yana zuwa ne daga baya.

Ƙanƙantar kuskuren da ke iya ɓata harbi tana bayyana ne a gasar bindigar iska ta mita 10, wadda ta shiga wasannin Olamfik a Seoul a 1988. A ƙarƙashin dokokin hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, mai hedkwata a birnin Munich na Jamus, maharbi yana tsaye ne ya miƙa hannu ɗaya ba tare da madogara ba, ya yi harbi 60 cikin minti 75. Faɗin da'irar maki goma milimita 11.5 ne, harsashin dalmar kuwa milimita 4.5, saboda haka tsakiyar harsashi ba za ta wuce milimita 8 daga cibiyar allo ba idan ana son maki goma. Tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya a irin waɗannan bindigogi kimanin santimita 35 ce, kuma lissafi ya nuna cewa idan saitin gaba ya goce daga na baya da abin da bai kai sulusin milimita ba, goma ta kuɓuce. Wannan gocewa ba ta bukatar hannu ya yi rawar da ido zai gani, domin ɗan ƙarin matsi daga ƙaramin yatsa ya isa ya sunkuyar da bakin bindiga.

Dalilin haka yana cikin halittar hannu. Tsokokin da ke lanƙwasa yatsu huɗu suna cikin sangalin hannu ne, jijiyoyinsu suna ratsa wuyan hannu tare, kuma ƙwaƙwalwa ba ta iya ba ɗaya umarni ba tare da saura sun ɗan amsa ba. Saboda haka duk lokacin da manuni ya matsa kunama, wadda doka ta ce nauyin janta a bindigar iska kada ya gaza giram 500, sauran yatsun suna son su matse tare da shi. Mariƙin da ya yi kauri yana tilasta manuni ya miƙe ya taɓo kunama ta gefe, sai ya ture bindiga zuwa hagu ga mai harbi da dama, wanda ya yi siriri kuwa yana sa yatsan ya shige da yawa ya janyo ta zuwa dama. Abin da masassaƙin mariƙi yake nema shi ne gaɓar ƙarshe ta manuni ta sauka a kan kunama a miƙe, jan ya tafi baya daidai da layin bututu, gindin yatsan kuma kada ya goga katako ko kaɗan.

Shi ya sa mariƙin bindigar Olamfik bai yi kama da na bindigar ɗan sanda ba. Galibi da katakon gyaɗar Turai ake sassaƙa shi, a caccake fuskarsa don kada gumi ya sa santsi, a yi masa gurbin babban yatsa da wata 'yar tanka a ƙasa wadda gefen tafin hannu yake zama a kai, ana kuma iya ɗaga ta ko sauke ta, tun da hannu yana kumbura da zafi ya motse da sanyi. Kamfanoni irin su Morini na Suwizalan, Pardini na Italiya, Steyr na Ostiriya da Walther na Jamus suna sayar da mariƙai girma-girma, na dama da na hagu, amma manyan maharba ba sa barinsu yadda suka zo. Sukan kankare nan su cike can da ƙullin katako, kamar yadda manomi yake gyara ƙotar fartanyarsa har ta zauna masa. Gwajin da masu horarwa suke yi mai sauƙi ne: maharbi ya rufe ido ya ɗaga bindiga, idan ya buɗe ya tarar saitin gaba yana tsakiyar na baya, mariƙin ya dace, idan kuwa sai ya karkata wuyan hannu kafin su daidaita, to tsoka ce take yin aikin da ya kamata katako ya yi, kuma tsoka tana gajiya tun kafin harbi na sittin.

Kwanciyar mariƙi, wato yadda ya karkata daga layin bututu, ita ce inda ra'ayi ya rabu. Mariƙin da ya kwanta sosai yana sa wuyan hannu ya sunkuya har kusan iyakarsa, inda gaɓar take kullewa da kanta, bututu kuma ya sauko kusa da layin hannu. Amfanin a bayyane yake, sai dai wasu maharban sukan biya shi da ciwon wuyan hannu da na gwiwar hannu bayan shekaru na atisaye, kuma wannan farashi ne da bai kamata mai horar da matasa ya ɗora wa yaro ba don neman maki biyu ko uku.

Hukumar ISSF ta daɗe da gane cewa idan aka saki wa masassaƙa mara, gasar za ta koma tsakaninsu. Dole bindigar iska ta shiga akwatin awo mai tsawon milimita 420, faɗin 200 da kaurin 50, nauyinta kada ya wuce giram 1,500, kuma babu ɓangaren mariƙi da aka yarda ya taɓa wuyan hannu ko ya zagaye hannun. A yau a gasar mita 50 ce kaɗai ake barin mariƙi ya lulluɓe hannu kamar safa, kuma a nan ne Aleksandr Melentyev na Tarayyar Sobiyet ya ci maki 581 cikin 600 a Mosko a 1980, bajintar da ta tsaya shekara 34 kafin Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya kai 583 a Granada a 2014. An cire wannan gasa daga Olamfik bayan wasannin Rio na 2016, abin da ya zama asara ga masu ƙaunar fasahar sassaƙa mariƙi. A harbin gaggawa na mita 25, inda ake harbin allo biyar cikin daƙiƙa 8, sannan 6, sannan 4, an hana mariƙi mai lulluɓe hannu a 2005, aka kuma ɗaga nauyin kunama zuwa giram 1,000, sai maki suka sauka. Matakin ya yi daidai, domin ya mayar da nauyin riƙo ga maharbi.

Lamarin ya sha bamban a gasar ƙungiyar IPSC, wadda aka kafa a Amurka a 1976, inda ake harbi da hannu biyu ana tafiya ana kuma auna lokaci. A nan babbar matsala ita ce tunkuɗar da bindiga take yi baya da ɗagawar bakinta, don haka ake son hannu ya hau can sama kusa da layin bututu, hannu na biyu ya samu fili ya manne, bindigar kuma ta yi nauyi, shi ya sa bindigogin ƙarfe zalla irin su CZ Shadow 2 suka samu karɓuwa.

Duk da wannan, mariƙi yana da iyaka. Károly Takács na Hangari, wanda gurneti ya lalata masa hannun dama a 1938, ya koyi harbi da hagu ya ci zinare a harbin gaggawa a Landan a 1948 da Helsinki a 1952, abin da ke nuna cewa daidaiton riƙo a cikin horo yake samuwa, katako kuwa kiyaye shi yake yi. Haɗarin da ya fi yawa ga sabon maharbi shi ne ya riƙa ɗaukar magagari duk ranar da makinsa ya faɗi, har ya kasa sanin ko hannunsa ne ya sauya ko mariƙin. Abin da ya fi dacewa shi ne a sauya abu ɗaya tak a lokaci guda, a rubuta shi, a yi makonni ana harbi da shi, kuma kada a taɓa katakon idan gasa ta ƙarato.