Cif Akintola: Lauyan da Doka ta Ba Kujera, Jama'a Suka Hana Shi Zama

Dattawan Sabon Badun da na Agege, 'yan kasuwar goro na Shagamu, da sauran 'yan Arewa mazauna Kudu, maganar yau a kan wani mutum take wanda ya yi mulkin ƙasar da kuke zaune a cikinta, watau marigayi Cif Samuel Ladoke Akintola, Firimiyan Jihar Yamma. Ya cancanci ku san tarihinsa, domin shi ma ɗan ci-rani ne kamar 'ya'yanku, sai dai shi daga Kudu aka kai shi Arewa.

An haife shi a Ogbomosho cikin 1910. Yana ƙarami mahaifinsa, wanda ɗan kasuwa ne, ya tashi da iyalinsa zuwa Minna. A can ya fara makaranta, a can kuma ya iya Hausa. Daga baya ya koma gida ya ƙare karatu, ya yi aikin malanta a makarantar Baptist ta Ikko, kana ya zama editan jaridar Daily Service. Cikin 1946 ya tafi Ingila, ya karanta shari'a, ya komo da shaidar zama lauya. Shi ne mai ba ƙungiyar Egbe Omo Oduduwa shawara kan al'amuran shari'a, kuma yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar Action Group tare da Cif Obafemi Awolowo cikin 1951. Abokai da abokan gaba duk sun yarda da abu ɗaya game da shi: Allah ya yi masa baiwar magana. In ya hau dandali da Yarabanci, sai ya sa taro dariya har abokin hamayya ya rasa inda zai sa kansa.

Haɗuwarsa ta farko da Arewa a fagen siyasa ba ta yi daɗi ba. Ran 31 ga watan Maris 1953 Cif Anthony Enahoro ya kawo batu a Majalisar Wakilai cewa a ba Nijeriya mulkin kai cikin 1956. Sardaunan Sakkwato ya ce a bari sai lokacin da ya dace. Aka yi wa wakilan Arewa ature a Ikko. Cikin watan Mayu na shekarar sai Akintola ya ja tawagar jam'iyyarsa zuwa Kano don neman goyon baya. Gari ya rikice kwana huɗu, rahoton hukuma ya ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. A wannan lokaci babu mai zaton wannan mutum zai zama babban aminin Sardauna a Kudu.

A ƙarshen 1959 Awolowo ya bar kujerar Firimiya ya tafi Ikko neman shugabancin Tarayya. Bai samu ba, ya zama madugun 'yan hamayya, Akintola kuwa ya gaje shi a Badun. Daga nan gida ya zama da maigida biyu, ɗaya na riƙe da jam'iyya, ɗaya na riƙe da gwamnati. Awolowo yana so a ci gaba da hamayya har jam'iyya ta bazu ko'ina. Akintola kuwa ra'ayinsa shi ne a tsaya a gida, a shirya da jam'iyyar NPC a shiga Gwamnatin Tarayya, domin a ganinsa Yarabawa suna hasarar muƙamai da ayyuka muddin suna waje. Wannan hujja ba ta banza ba ce, kuma Yarabawa da yawa sun karɓe ta. Amma a taron jam'iyya na Jos cikin Fabrairu 1962 ɓaraka ta fito fili, kuma cikin watan Mayu jam'iyya ta nemi ya sauka. Ya ƙi.

A nan ne lauyancinsa ya yi aiki. Tsarin mulkin Jihar Yamma ya ba Gwamna ikon tuɓe Firimiya idan ya bayyana gare shi cewa yawancin wakilan Majalisa sun daina goyon bayansa. Wakilai 66 daga cikin 124 suka sa hannu a takarda suka kai wa Gwamna, Sa Adesoji Aderemi, Sarkin Ife. Gwamna ya tuɓe Akintola ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Akintola ya garzaya kotu da tambaya guda: shin takarda ta isa, ko kuwa dole sai an jefa ƙuri'a a zauren Majalisa? Ran 25 ga watan Mayu Majalisa ta zauna don a jefa wannan ƙuri'ar, sai aka tashi da jifa da kujeru, aka karya sandar Majalisa, 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa. Aka sake zama a ranar, aka sake tashi baram-baram. Ran 29 ga wata Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta naɗa Dokta Moses Majekodunmi ya riƙe Jihar.

Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ba Akintola gaskiya. Hukumar binciken Mai Shari'a Coker, wadda ta duba kuɗaɗen hukumomin Jihar, ta ɗora laifi a kan Awolowo ta wanke Akintola. Ran 1 ga watan Janairu 1963 ya koma kujerarsa, da haɗin gwiwar 'yan NCNC na Jihar a ƙarƙashin Cif Remi Fani-Kayode, ba tare da an yi sabon zaɓe ba. Amma Adegbenro ya ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Shari'a ta Sarauniya a Landan, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe, kuma cikin Mayu 1963 ta ce Gwamna ya yi daidai, takarda ta isa. Nan take Majalisar Jihar Yamma ta gyara tsarin mulki, ta mayar da gyaran baya zuwa 1960, hukuncin Landan ya zama ba shi da amfani. A wajen masu goyon bayansa wannan kare 'yancin ƙasa ne daga alƙalan Turawa. A wajen masu suka kuwa, mutum ne ya faɗi a shari'a ya sake dokar bayan an yanke hukunci. Daga Oktoba 1963, da Nijeriya ta zama jamhuriya, aka daina kai ƙara Landan.

To, ku lura da abin da ya rage. Kotu ta yi magana, Majalisa ta yi magana, Ikko ta yi magana, amma talakan Jihar Yamma ba a tambaye shi ba. Awolowo yana kurkuku, an ɗaure shi shekara 10 cikin Satumba 1963 kan laifin cin amanar ƙasa, kuma ɗaurin sai ya ƙara masa farin jini. Akintola ya kafa sabuwar jam'iyya, NNDP mai alamar hannu, ya ƙulla ƙawance da NPC don zaɓen Tarayya na 1964. Alafin na Oyo kuma ya naɗa shi Are Ona Kakanfo, watau sarkin yaƙin Yarabawa.

Ranar tambayar talaka ta zo ran 11 ga watan Oktoba 1965. A mazaɓu da dama 'yan hamayya sun nemi ma'aikatan zaɓe su miƙa takardun tsayawa takara ba su same su ba, aka ce 'yan NNDP sun ci babu hamayya. Aka ba da sanarwar cewa NNDP ta yi rinjaye mai yawa. Shugaban Hukumar Zaɓe kansa, Mista Eyo Esua, ya fito ya ce an yi maguɗi. Adegbenro ya ce shi ya ci, ya kafa tasa gwamnati, aka kama shi. Daga nan wuta ta tashi. Yarabawa suna kiran wannan lokaci "wetie", domin fetur ake zuba wa gida ko mota ko mutum a ƙyasta ashana. Hanyar Ikko zuwa Badun, wadda goro da shanu ke bi, ta zama abin tsoro. Gwamnatin Tarayya da ta kafa dokar ta-ɓaci cikin 1962 saboda faɗan kujeru a zaure guda, wannan karon ba ta kafa ba, kuma har yau ana yi mata wannan tambaya.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ran 14 ga watan Janairu 1966 Akintola ya je Kaduna ya gana da Sardauna, ya komo Badun. Kafin gari ya waye ran 15 ga wata sojoji sun kewaye gidansa. Ya ɗauki bindiga ya yi ta musayar wuta da su har aka kashe shi. A wannan juyin mulki Arewa ta rasa Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshinta irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Rikicin Jihar Yamma yana cikin manyan dalilan da masu juyin suka fake da su.

Ba a hana shi abin da ya cancanta ba: yau akwai jami'a a Ogbomosho mai ɗauke da sunansa, kuma shawarar da ya kawo ta haɗin kai tsakanin Yamma da Arewa ta daɗe bayansa. Amma tarihinsa ya nuna iyakar doka a harkar mulki. Lauya yana iya ci wa kansa kujera a kotu ko a Majalisa, riƙe ta kuwa sai da yardar mutane, kuma yardar nan ranar zaɓe ake auna ta.

Saboda haka, jama'a, duk unguwar da kuke zaune ku yi rajista, ku jefa ƙuri'arku, ku tsaya a ƙirga ta a gabanku cikin lumana. Kada ku yarda kowace jam'iyya, ko da taku ce, ta ɗauki 'ya'yanku aikin bangar siyasa ko satar akwati. In gari ya rikice, mai gari yana da dangin da zai fake wurinsu, baƙo kuwa rumfarsa da dukiyarsa suna bakin hanya. Allah ya jiƙan magabata, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.