Wa ke share ƙurar? Rabon aiki a kamfanin wutar hasken rana



Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga ilmin rana. Tun 1965 aka kafa ofishin ONERSOL a Yamai, wanda Farfesa Abdou Moumouni ya jagoranta. Tashar Malbaza mai megawat 7 ta kama aiki a 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 ta biyo a 2023, shekarar da Najeriya ta yanke muna wuta bayan juyin mulki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinmu daga can yake fitowa. Wanda ya sha wannan duhu yana da haƙƙin ya tambaya: a cikin kamfanin da aka damƙa wa irin waɗannan tashoshi, wa ke riƙe da me?

A bisa ƙa'ida, majalisar gudanarwa ita ke shata hanya, ta amince da kasafi, ta tuhumi darekta janar. Shi kuma ya haɗa kan sassa, kada ya haɗiye su. Ranar da darekta ya zama shi ke zaɓen ɗan kwangila, shi ke sa hannu a takardar biya, shi ke ɗaukar ma'aikata, babu sauran mai bincikar wani.

Sashen kuɗi aikinsa ya fi lissafin albashi nisa. Tashar rana ba ta shan gazuwal, kusan dukan tsadarta a ranar gini take, galibi kuma da bashi. Sai sashen ciniki ya karɓo kuɗin wuta, har daga ma'aikatun gwamnati, sannan a iya biya.

Amma bari in daɗe kan sashen da ba a gayyata bikin yanke ƙyalle, wato sashen kulawa da gyara. Ƙurar hunturu takan kwanta bisa faifan, wutar da suke bayarwa ta ragu. Zafin bazara ma, abin mamaki ga mai jin rana ita ce komai, rage ƙarfinsu yake yi. Na'urar da ke juya wutar faifai zuwa irin wadda gidaje ke sha takan gaji tun faifan na da sauran shekaru masu yawa, kuma ba a sayenta a kasuwar Wadata. Wa ya tanadi ruwan wanki a inda ruwa ke da tsada? Wa ya ajiye kayan canji? Wa ya horar da yaran Tawa da Damagaram, don kada a jira gwani daga Turai wata uku?

Saboda haka ina roƙon ƴan uwana ƴan jarida: in an kira ku buɗe sabuwar tasha, ku bar minista ya gama jawabinsa, ku nemi shugaban sashen gyara. Ku tambaye shi nawa aka ware masa a kasafin bana, kuma da takardar shaida ya hau kujerar ko da katin jam'iyya.