Lauya, alƙali, ɗan siyasa: abin da za mu ɗauka daga Mamman Nasir

Jawabin da aka gabatar a zaman matasa, Madarunfa

  

Yau zan tsallaka iyaka da ku, ta Ɗan Issa da Jibiya, mu leƙa Katsina. Ai mu da su ciki ɗaya ne. Mutumin da zan yi magana a kansa shi ne Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina.

An haife shi a 1929. A 1955 ya zama lauya a Landan, lokacin da lauyoyin Arewacin Najeriya ba su cika yatsun hannu ba. A 1961 ya zama ministan shari'a a gwamnatin Sardauna, har zuwa juyin mulkin 1966. A 1975 ya hau kujerar alƙali a Kotun Ƙoli. Daga 1978 zuwa 1992 shi ne shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Najeriya, shekara 14 cur. Da ya sauka aka naɗa shi Galadima, hakimin Malumfashi. Allah ya yi masa rasuwa a Afrilun 2019. Allah ya jiƙansa.

Kun ga, mutum ɗaya ya zauna inda ake tsara doka, ya zauna inda ake yanke hukunci da ita. Darasi na farko ke nan: karatun shari'a ba gadon wani gida ba ne, kuma yankin da bai haifi lauyoyinsa ba, wasu ke yi masa magana a kotu.

To amma akwai gaɓar da ba zan tsallake ba. Zamanin Janar Abacha, shi ya shugabanci kwamitin aiwatar da shirin miƙa mulki ga farar hula. A 1998 jam'iyyu biyar ɗin da aka yi wa rajista duk suka tsayar da Abacha ɗan takara. Lokacin ne kalmar tazarce ta yi tashe. Wasu na cewa gara dattijo yana ciki, ko ya rage ɓarna. Wasu na cewa sunan alƙali riga ce da mai mulki ke ara ya rufe kansa. Ni dai na fi karkata ga na biyun.

Me ya sa? Don mun ga wata hanyar a nan gida. A 2009, da tazarce ta iso Nijar, Kotun Tsarin Mulki ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazeye ta soke dokar kiran zaɓen raba gardamar Shugaba Tanja ran 12 ga Yuni. Ran 29 ga wata aka rusa kotun. Ta rasa kujera. Amma bayan juyin mulkin Fabrairun 2010, da aka nemi wanda jama'a za su yarda da shi, ita aka kira ta shugabanci majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya.

'Yan'uwa, cikinku akwai masu karatun shari'a a Yamai, akwai masu son shiga majalisa. Madalla, ku shiga. Ku kwaikwayi Galadima wajen naci da ilimi. Amma ranar da mai mulki ya aiko muku da kujera, ku tambayi kanku: aikina ake so, ko sunana? Manomin bakin tafki da aka ci masa iyakar gona, amsar nan ce za ta nuna ko yana da inda zai kai kuka.