Adon Ɗaki na Zamanin Barok da Matsayin Mutum a Fada



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne wani salon gini da ado da Turawa ke kira Barok, wanda ya taso daga Roma wajen ƙarshen ƙarni na 16, ya kuma ƙasaita a Faransa zamanin Sarki Luwi na 14. Alamarsa ita ce yawan kwalliya: ganye da furanni na sassaƙa, da ruwan zinariya, da rufin ɗaki mai zane, har ido ya rasa wurin hutawa.

Wanda ya ɗauki wannan a kan son ƙawa kawai ya yi kuskure. A fadar Barsai, inda sarkin ya tare da fadawansa a 1682, kayan ɗaki su ne ke gaya wa mutum matsayinsa. A ɗakin barcin sarki akwai ɗan shinge mai ruwan zinariya da ya raba gado da sauran ɗakin, ba mai ƙetare shi sai wanda aka yardar wa. Kujera ma haka: matar babban basarake na iya zama kan 'yar kujera marar majingina a gaban sarauniya, wadda ba ta kai ba kuwa sai tsayuwa. Zauren Madubai, da aka gina tsakanin 1678 da 1684, tsawonsa mita 73 ne, da madubai 357. A lura cewa kafin nan mutanen Benis ne suka riƙe sana'ar madubi, sai da waziri Colbert ya kafa masana'anta a 1665 ya janyo gwanayensu. Watau bangon nan shela ce ga jakadun ƙasashe cewa Faransa ta wadatu.

To, amma adon da aka yi don bambanta sarki da kowa bai tsaya a fada ba, kuma masu zanen bugu ne sanadi. Ga yadda aikin yake: a shafe farantin jan ƙarfe da kaki, a yi zane da allura, a tsoma a ruwan asid ya ci inda aka karce, sa'an nan a shafa tawada a danna takarda. Faranti guda ya ba da ɗaruruwan kofe. Jean Le Pautre (1618–1682), wanda ya fara koyon sana'a wurin kafinta, ya bar zane sama da 2,000 na murhu da ƙofa da rufin ɗaki da gado. Attajirin da bai taɓa taka fada ba sai ya sayi takarda da kuɗi kaɗan, ya miƙa wa maginin garinsu ya ce ga irin wanda yake so.

Labarin Daniel Marot ya fi kowanne ban mamaki. A 1685 Luwi ya soke dokar da ta ba Kiristoci 'yan Furotesta 'yancin ibada, Marot ya gudu Holand, ya shiga hidimar Yarima Wiliyam, babban abokin gabar Luwi. Shi ya tsara adon fadar Het Loo, daga baya ya yi wa ubangidansa aiki a Ingila, zanensa na bugu kuwa ya bazu cikin ƙasashen biyu. A 1689, shekarar da Wiliyam ya hau gadon sarautar Ingila, Luwi ya sa aka narkar da tebura da kujerun azurfa na Barsai, aka buga kuɗi da su domin yaƙi da shi wannan Wiliyam da abokan ƙawancensa.