Wace Lamba Ce Ta Halatta? Jawabi Kan Fagen Ƙa'idar Lissafi



Maganata a yau a kan abin da masana lissafi ke kira fankshin ne, wato ƙa'idar da ake ba ta lamba ta mayar da amsa guda ɗaya tak. Idan kuɗin mota naira 500 ne ga kowane fasinja, ƙa'idar ita ce a ninka yawan fasinja da 500. Leonhard Euler ne ya fito da rubuta ta da alamar f(x) a shekarar 1734, kuma duk wanda ya yi sakandare ya sha ganinta a allo. Abin da aka fi mantawa shi ne, kowace ƙa'ida tana da jerin lambobin da ya halatta a ba ta. Wannan jeri shi zan kira fage.

Mu koma ga motar nan. Alƙalami ba zai hana ka ninka biyu da rabi da 500 ba, zai ba ka 1,250 ba tare da gardama ba. Amma ina aka taɓa ganin rabin fasinja a tasha? Haka nan babu fasinja ƙasa da sifiri, kuma in kujerun motar 18 ne, to, lamba 19 ta fita daga fage, ko da yake na san wasu direbobinmu ba su yarda da wannan hukunci ba. Saboda haka fagen shi ne cikakkun lambobi daga 0 zuwa 18, kuma motar ce ta yanke shi.

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan. Dubi zakkar awaki da tumaki: daga 1 zuwa 39 babu komai, daga 40 zuwa 120 akuya ɗaya, daga 121 zuwa 200 biyu, daga 201 uku. Ƙa'ida ce cikakkiya mai hawa kamar matakalar bene, fagenta kuwa lambobin ƙirge ne zalla. Tsakanin 120 da 121 babu wata lamba da makiyayi zai kawo, don haka ba a taɓa buƙatar hukuncinta ba. Wanda ya zana wannan ƙa'ida da miƙaƙƙen layi a takarda ya yi wa garken ƙarya. Zakkar hatsi kuwa daban take. Idan amfanin gona ya kai nisabi, ana fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ya shayar da shi, ɗaya bisa ashirin in da wahalar ban ruwa aka noma shi. Hatsi abin awo ne, ana samun rabin mudu da rubu'insa, don haka gutsattsarin lamba yana da wurin zama a wannan fage.

Ke nan tambayar farko ita ce: abin nan ƙirga shi ake yi, ko auna shi? Mutane, dabbobi da ajujuwa ƙirga su ake yi. Kananzir, yadi, tazarar hanya da lokaci kuwa aunawa ake yi, kuma kowane tsakani yana da nasa tsakanin. Kuɗi yana ruɗin mutane, domin ɗigon da ke cikin ₦2.50 yana sa a zaci abin awo ne, alhali kwabo 250 ne aka ƙirga. Lokacin da naira ta maye gurbin fam a ranar 1 ga Janairu 1973, an buga har da tsabar rabin kwabo, kamar yadda a da aka yi anini, amma ko yaushe akwai ƙaramin tsaba da ba a wuce shi.

Lambobin ƙasa da sifiri ma suna da gidajensu. Asusun banki yana iya nuna su idan mai shi ya ci bashi, haka ma'aunin zafi a hunturun Rasha. Tsawon igiya ko shekarun yaro ba su san da su ba.

Ga ma'aikatanmu matasa, a nan gizo ke saƙar. A ce an kawo maka ƙauye mai yara 130, an ce aji ɗaya yara 40 yake ɗauka. Rabawa za ta ba ka 3.25. Akawun da ya saba da dokar makaranta ta zubar da abin da bai kai rabi ba zai rubuta aji 3, ya sa hannu, fayil ya wuce. Wannan ɗigo biyu biyar da ya zubar kuwa yara 10 ne, kowannensu da sunansa da iyayensa, waɗanda za su yi karatu a gindin bishiya. Tun da yara ake ƙirgawa, ajujuwa kuma ba a gina rubu'insu, ƙa'idar da ta dace mai matakala ce irin ta zakkar awaki: daga 1 zuwa 40 aji ɗaya, daga 41 zuwa 80 biyu, daga 81 zuwa 120 uku, daga 121 zuwa 160 huɗu. Ƙauyen nan aji 4 yake buƙata, da malamai 4, kuma haka ya kamata a rubuta a takardar kasafi.